Tafarnuwa a madadin magani: yanda Thabo Mbeki ya yi musun ƙanjamau

Akwai irin musun da kowa ya sani, na majalisa da teburin mai shayi, wanda in aka ciro waya aka nuna maka sakamakon wasa sai ka yi dariya ka ce to shikenan na yarda. Akwai kuma wani iri daban wanda shi nake son mu duba, wanda mutum zai kafe a kan abu ɗaya, a kawo masa hujja ta farko ya ce ta ƙarya ce, a kawo ta biyu ya ce sayen wanda ya kawo ta aka yi, a kawo ta goma ya ce ai yawan hujjar ma shi ke nuna akwai wata maƙarƙashiya. Wannan ba shakka ba ne, inkari ne. Mai shakka in ka tambaye shi me zai gamsar da kai zai faɗa maka, in ka kawo ya sauka. Mai inkari babu abun da zai sauke shi, don tun farko ba hujja ce ta ɗora shi a wurin ba.

Misalin da ya fi tsaya min a rai a wannan fanni shi ne na Thabo Mbeki, shugaban Afirka ta Kudu daga Yunin 1999 zuwa Satumban 2008, da yanda gwamnatinsa ta yi da cutar ƙanjamau. Na zaɓe shi ne da gangan saboda in ana maganar masu ƙin gaskiya mutane sai su hango jahili wanda bai je makaranta ba. To Mbeki ba jahili ba ne ko kaɗan. Digiri na biyu gare shi a fannin tattalin arziki daga jami'ar Sussex ta Ingila, ɗan Govan Mbeki ne wanda aka ɗaure tare da Mandela a tsibirin Robben, ya yi kusan shekara 28 yana gudun hijira, mutum ne mai karatun tsiya wanda yake rubuta jawabinsa da kansa. Wato dai irin shugaban da muke ta addu'ar Allah ya ba mu.

Yanda abun yake lokacin da ya hau mulki: a 1990 in aka gwada mata masu zuwa awon ciki a asibitocin gwamnati, waɗanda ake samu da ƙwayar HIV ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Zuwa 1999 sun haura 22 cikin ɗari. A shekara tara kacal fa. Kuma a lokacin ba wai duniya tana cikin duhu ba ne game da cutar. Tun 1983 aka gano ƙwayar a cibiyar Pasteur ta Faransa. A 1994 gwaji ya nuna maganin AZT yana rage yaɗuwar cutar daga uwa zuwa jariri da kusan kashi biyu cikin uku. Daga 1996 aka fara haɗa magunguna uku a Amurka da Turai, mutanen da aka gama fidda rai da su suka tashi daga gadon asibiti suka koma wurin aiki. Duk wannan an gani da ido kafin Mbeki ya zauna a kujera.

Sai ga shi a Oktoban 1999 ya tsaya gaban majalisar larduna yana cewa akwai bayanai masu yawa da ke nuna AZT guba ne mai haɗari ga lafiya. Masu rubuta tarihinsa sun ce a intanet ya ci karo da rubuce-rubucen wasu tsirarun masana da ke musun cewa HIV ce ke kawo ƙanjamau, yana zama cikin dare yana karantawa. Jagoransu Peter Duesberg, farfesa a jami'ar Berkeley ta Kalifoniya, wanda tun 1987 yake cewa HIV ƙwaya ce da ba ta cutar da kowa, wai abun da ke kashe mutane a Amurka shaye-shayen ƙwayoyi ne da shi kansa AZT ɗin, a Afirka kuma yunwa da talauci. Duesberg ba ɗan damfara ba ne, masani ne na gaske da ya yi suna a binciken cutar daji, kuma wannan shi ya sa abun ya yi armashi, don duk mai inkari yana buƙatar farfesa ɗaya da zai riƙa ɗagawa sama. Farfesoshi dubu su ce a'a, shi wannan ɗayan ne kawai jarumin da ba a saya ba.

A watan Afrilun 2000 Mbeki ya rubuta wa shugabannin duniya wasiƙa, ciki har da Bill Clinton da Tony Blair da Kofi Annan, yana kare waɗannan mutane, har yana kwatanta yanda ake tsangwamarsu da zamanin da ake ƙona masu saɓa wa coci a Turai. A watan Mayu ya kafa kwamitin ba shugaban ƙasa shawara kan ƙanjamau, mutum talatin da wani abu, kusan rabinsu masu musun ne, har da Duesberg ɗin da abokin tafiyarsa David Rasnick. A ido kamar adalci ne ko? A ji ta bakin kowane ɓangare. Amma ka yi tunani, gida na ci da wuta ka tara mutum goma masu cewa a kawo ruwa da mutum goma masu cewa babu wani abu wai shi wuta, ka ce sai sun daidaita kafin a ɗebo ruwa. Kwamitin bai daidaita ba, dama ba zai yiwu ba, kuma lokacin da aka ɓata shi ne ribar da inkarin ya ci.

A Yulin wannan shekarar aka yi babban taron ƙanjamau na duniya a Durban, karo na farko a Afirka. Kafin taron likitoci da masana sama da 5,000 suka sa hannu a wata takarda da aka buga a mujallar Nature, abun da take cewa a taƙaice shi ne HIV ce ke kawo ƙanjamau kuma hujjar a fili take. Kakakin shugaban ƙasa ya ce kwandon shara ne makomar takardar. Mbeki ya buɗe taron da dogon jawabi kan talauci. A wannan dandalin dai aka hau da wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Nkosi Johnson, wanda aka haifa da cutar, uwarsa ta riga ta rasu, ƙaramin yaro siriri cikin baƙar kwat da takalmin kambas, yana riƙe da makirfo yana roƙon gwamnati ta riƙa ba mata masu ciki AZT don kar jariransu su kamu. Ya rasu ranar 1 ga Yunin 2001 yana da shekara 12.

Maganar da Mbeki ya fi shahara da ita ita ce wadda ya yi a majalisa a Satumban 2000, cewa ƙwayar cuta guda ɗaya ba za ta iya haddasa tarin cututtuka ba. In ka ji ta da farko sai ka ce kai, mutumin nan fa ya yi tunani. Amma amsar ba ta da wuya. HIV ba ita ke kawo tarin fuka ko gudawa ko ciwon huhu kai tsaye ba, abun da take yi shi ne ta bi sojojin jini da ake kira CD4 tana kashewa a hankali tsawon shekaru. Kamar a kashe maigadi ne a ɓalle ƙofar gida, daga nan ɓarawon akuya zai shigo, na babur zai shigo, na kaza ma zai shigo, kowa da abun da ya zo ɗauka amma sanadin ɗaya ne. Batun talauci kuma gaskiya ne yunwa tana saurin kayar da mai cutar, babu likitan da ya musa. Sai dai talaucin bai bayyana dalilin da ya sa attajirai a Amurka suka mutu da ita ba, ko waɗanda aka ƙara wa jini mai ƙwayar suka kamu alhali waɗanda aka ƙara wa mai tsabta ba su kamu ba, ko me ya sa Afirka ta Kudu da Botswana da suka fi yawancin ƙasashen Afirka arziki suka fi Nijar da Mali yawan masu cutar nesa ba kusa ba. Haka zancen gubar AZT, eh a ƙarshen shekarun 1980 ana ba da shi da yawa sosai, yana jawo ƙarancin jini da wahala. Sai aka ɗauki wannan guntun gaskiyar aka riƙe, aka yi kunnen uwar shegu da duk gwaje-gwajen da suka biyo baya.

Yanzu ga inda nake ganin ya kamata mu daɗe, don in ba a fahimci wannan ba za a ɗauka mutumin haukacewa kawai ya yi. Ruwa ba ya tsami banza. Mbeki ya fito ne daga ƙasar da gwamnatin wariyar launin fata ta yi wani shiri na asiri na makamai masu guba ƙarƙashin wani likita Wouter Basson, kuma a zaman hukumar gaskiya da sasantawa a 1998 an ji shaidar cewa har binciken hanyar rage haihuwar baƙaƙen fata an yi. Ba jita-jita ba ce, a gaban hukuma aka faɗa. Sannan kamfanonin magani na Turai da Amurka a lokacin suna sayar da maganin ƙanjamau kusan dala 10,000 na mutum ɗaya a shekara, kuma da Afirka ta Kudu ta yi doka a 1997 don ta samu magani mai araha, kamfanoni 39 suka kai gwamnatin Mandela kotu, sai a Afrilun 2001 suka janye da duniya ta yi musu ca. Ga kuma yanda wasu Turawa ke maganar cutar, kamar dai baƙin mutum dabba ne da ba ya iya riƙe sha'awarsa. Wannan ya ci wa Mbeki rai ƙwarai, a jawabinsa na jami'ar Fort Hare a 2001 ya yi ta ɗaci a kan yanda ake ɗaukar 'yan Afirka a matsayin masu ɗauke da ƙwayoyin cuta marasa kamun kai. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi.

Duk waɗannan koke-koken gaskiya ne, ni ban ga wanda zan cire ba. Matsalar ita ce babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa tambayar da ke ƙasa, wato shin ƙwayar nan tana kashe mutane kuma shin maganin nan yana hana ta. Kamfani zai iya zama azzalumi maganinsa kuma yana aiki. Bature zai iya raina ka kuma gwajin jininsa ya fito daidai. Mbeki ya ɗauki fushin da yake da haƙƙin yi ya mayar da shi hujjar kimiyya, daga nan duk wanda ya ce masa ranka ya daɗe ba haka ba ne sai ya zama ɗan koren kamfanonin magani ko mai tunanin bayi. Har shugaban hukumar binciken lafiya ta ƙasar, Malegapuru Makgoba, baƙar fata ɗan ƙasa masanin garkuwar jiki, bai tsira daga wannan zargi ba da ya tsaya a kan gaskiya.

Mu nan arewa bai kamata abun ya zama baƙo a wurinmu ba. Gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya faru da gaske, kuma yana cikin abun da mutane suka riƙa tunawa a 2003 da aka dakatar da allurar shan inna a Kano da wasu jihohi bisa zargin tana hana haihuwa. Ciwon na gaske, hukuncin da aka yanke a kansa kuskure, yara suka shanye. Sai dai Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004 bayan kamar shekara guda, na Afirka ta Kudu kuwa ya ja shekaru.

Mu dawo kan abun da inkarin ya haifar a asibiti, don a can ne ake biyan kuɗinsa ba a fadar shugaban ƙasa ba. Akwai magani mai suna nevirapine. Wani gwaji da aka yi a Uganda ya nuna a 1999 cewa ƙwaya ɗaya tak da uwa za ta haɗiya in naƙuda ta fara, da ɗan ruwan maganin da za a ɗiga wa jariri a baki cikin kwana uku da haihuwa, suna rage kamuwar jaririn da kusan rabi. Ƙwaya ɗaya da ɗigo ɗaya, shikenan. Kamfanin da ke yin sa, Boehringer Ingelheim, ya ce a 2000 zai bayar kyauta na shekara biyar. Gwamnati ta ce a'a, sai a wurare biyu kacal a kowane lardi a matsayin gwaji, wurare 18 kenan a ƙasa gaba ɗaya. Ka ɗauka ke ce nas a wani asibitin karkara da ba ya cikin 18 ɗin, kin san matar nan da ke kan gadon haihuwa tana da cutar, kin san akwai ƙwayar da za ta iya tsare jaririn, kuma doka ta ɗaure miki hannu. Wallahi ko tunaninsa ba daɗi.

Waɗanda suka tsaya suka yi faɗan su ne ƙungiyar Treatment Action Campaign da aka kafa a Disamban 1998, mafi yawan mambobinta talakawan unguwannin baƙaƙe ne masu ɗauke da cutar, musamman mata. Wani abun burgewa shi ne yanda suka yaƙi inkarin da karatu, suna zama a unguwa suna koya wa juna menene CD4, yaya maganin ke aiki, wane illa yake da shi, har tsohuwar da ba ta gama firamare ba ta iya ƙure minista. Shugabansu Zackie Achmat yana da cutar kuma yana da halin sayen magani, amma ya rantse ba zai sha ba sai talaka ya samu a asibitin gwamnati, ya yi ta rashin lafiya har Mandela da kansa ya je gidansa a 2002, bai fara sha ba sai 2003. Kuma ku lura, su ɗin nan su ne suka yi zanga-zanga a kan kamfanonin magani lokacin shari'ar nan ta kamfanoni 39, suna bayan gwamnati. Wato sun ga zaluncin kamfanonin sarai kamar yanda Mbeki ya gani, amma su abun da suka ce shi ne a karya farashi a ba mu, ba wai maganin ƙarya ba ne. Farashin kuma ya karye, a farkon 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da haɗin magani uku a dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana.

Sun kai gwamnati kotu kan nevirapine suka yi nasara a Disamban 2001, gwamnati ta ɗaukaka ƙara, kotun tsarin mulki ta sake ba su gaskiya ranar 5 ga Yulin 2002. Majalisar ministoci ta amince da shirin raba magani a Nuwamban 2003, aka fara a 2004, amma tafiyar hawainiya aka riƙa yi saboda wadda aka damƙa wa aikin ba ta yarda da shi ba. Ministar lafiya kenan, Manto Tshabalala-Msimang, likita ce fa cikakkiya, wadda duk inda ta samu makirfo sai ta yi gargaɗi kan gubar maganin ta koma tallan tafarnuwa da lemon tsami da man zaitun da wani jan tushe mai kama da dankali da ake kira bitirut, har aka laƙaba mata Dakta Bitirut. A taron ƙanjamau na Toronto a 2006 rumfar Afirka ta Kudu tafarnuwa da lemon tsami da bitirut aka jera a ciki, duniya na kallo. Babu wanda ya ce abinci mai kyau ba shi da amfani, amma a gaya wa mutumin da garkuwar jikinsa ta ƙare wai ya zaɓa tsakanin magani da tafarnuwa, haba. Da ƙofa ta buɗu haka 'yan kasuwa suka shigo, wani Bajamushe Matthias Rath ya riƙa raba bitamin a unguwar Khayelitsha ta Kef Tawun yana tallan cewa maganin ƙanjamau guba ne, sai a 2008 kotu ta ce gwajin bitamin ɗin da yake yi a kan marasa lafiya haramtacce ne. Mataimakiyar ministar, Nozizwe Madlala-Routledge, wadda ta fito fili ta goyi bayan magani, ita Mbeki ya kora a Agustan 2007.

A 2003 Mbeki ya gaya wa jaridar Washington Post cewa shi a karan kansa bai san wani da ƙanjamau ta kashe ba. A ƙasar da ake binne matasa duk ranar Asabar har makabartu suna cika. A Janairun 2005 Mandela ya tara 'yan jarida ya ce ɗansa Makgatho ya rasu kuma ƙanjamau ce ta kashe shi, ya ce a daina ɓoyewa.

Lissafin asarar ya fito a 2008 daga masu bincike na jami'ar Harvard ƙarƙashin Pride Chigwedere, ɗan Zimbabwe. Yanda suka yi shi ne suka kwatanta abun da Afirka ta Kudu ta yi da abun da maƙwabtanta Botswana da Namibiya suka iya yi a daidai wannan lokaci, don Botswana ƙarƙashin Festus Mogae tun 2002 ta fara raba magani kyauta. Suka samu cewa tsakanin 2000 da 2005 mutum sama da 330,000 sun mutu waɗanda da an ba da magani a kan lokaci da ba su mutu a lokacin ba, jarirai kusan 35,000 kuma an haife su da cutar da za a iya tsare su. Wata masaniyar tattalin arziki a jami'ar Kef Tawun, Nicoli Nattrass, ta yi nata lissafin daban ta samu adadi kusan iri ɗaya.

Jam'iyyarsa ta ANC ta sauke shi a Satumban 2008, kuma ba don ƙanjamau ba, rikicinsa da Jacob Zuma ne ya ci shi. Kgalema Motlanthe da ya karɓa ya cire Manto daga ma'aikatar lafiya a take ya sa Barbara Hogan, wadda ta fito ta ce HIV ce ke kawo ƙanjamau, maganar da a ko'ina ba labari ba ce amma a can sai da ta zama kanun jarida. Yau Afirka ta Kudu ce ke da shirin raba maganin ƙanjamau mafi girma a duniya, mutum sama da miliyan biyar suna sha, tsawon rayuwar ɗan ƙasar da ya faɗo zuwa shekara hamsin da 'yan kai a tsakiyar shekarun 2000 ya koma sama da sittin, jariran da ke kamuwa daga uwa sun ragu ƙwarai. Maganin dai da aka ce guba ne.

Shi kuwa Mbeki, a Maris ɗin 2016, shekara bakwai da rabi bayan saukarsa, bayan rahoton Harvard, bayan miliyoyin mutane sun tashi daga jinya a gaban idonsa, ya sake zama ya rubuta doguwar wasiƙa yana bayanin matsayinsa. Ya ce shi bai taɓa cewa HIV ba ta kawo ƙanjamau ba, abun da ya ce shi ne ƙwayar cuta ɗaya ba ta iya haddasa tarin cututtuka, kuma har yanzu yana nan a kan bakansa.